Kayan wasan yara na gida: amsoshin tambayoyin da iyaye suka fi yi mini

Shekara tara ke nan ina tare da yara 'yan shekara uku zuwa biyar a wata ƙaramar makarantar unguwa a cikin birnin Kano, ga kuma nawa uku a gida. Duk ranar Laraba muna ƙere-ƙere. Idan aka tashi, yaran suka fito kowa rungume da abin da ya haɗa, sai iyaye mata su tare ni a soro: "Malama, wannan da me aka yi shi? Mu ma za mu iya a gida?" Tambayoyin ne na tattara a nan, tare da amsar da nake bayarwa.

Kasuwa cike take da kayan wasa. Me zai sa in wahalar da kaina?

Ban ce kada ki saya ba. Amma bari in ba ki labarin mota biyu. Wata Sallah kawun yarana ya kawo wa ɗana mota mai batir, ja jawur, tana kuka tana walƙiya. Kwana uku ta yi, taya ɗaya ta karye daga gindinta. Yaron ya juya ta, ya sake juyawa, ya rasa ta inda zai kama, sai ya zauna ya yi ta kuka. Bayan mako guda muka yi wata da kwalin sabulu da murafan roba. Ita ma tayar ta fita tun ranar farko. Sai na ji shi daga tsakar gida yana cewa, "Umma, motata ta yi faci, ina tsinke?" Ya zauna ya mayar da kansa, harshe a waje don ƙoƙari, ya ja abarsa ya yi gaba.

Abin da nake so wa yaro ke nan. Abin da aka ƙera a gabansa, ya san cikinsa, ya san inda yake lalacewa, kuma ya san lalacewa ba ita ce ƙarshen magana ba. Rabin wasan ma a wajen haɗawar yake. Sauƙin kuɗi kuwa ƙari ne, kuma a wannan zamani da mudun shinkafa ya kai inda ya kai, ba ƙaramin ƙari ba ne.

Daga shekara nawa yaro zai iya sa hannu? Me zan bar masa, me zan riƙe?

Ɗan shekara biyu zuwa uku aikinsa yagawa, cusawa, zubawa da juyewa. Ba shi tsumma ya cusa a safa, ba shi ƙwarya biyu da ludayi. Ɗan shekara uku zuwa huɗu yana iya shafa gam, ya mulmula yumɓu, ya zura igiya a rami mai faɗi. Daga huɗu zuwa biyar zai iya riƙe ƙaramin almakashi marar tsini ya yanka takarda, wasu har ɗaurin igiya suna fara koya.

Ke kuma wuƙa, reza, ƙusa, allura da wuta naki ne, ba a raba su da kowa. Duk abin da ya rage ki sakar masa. Wannan ne ya fi yi wa iyaye wuya, na sani. Yaro zai manna ido ɗaya a goshi ɗaya a kumatu, hannunki ya riƙa ƙaiƙayi. Ki daure. Idan kika karɓe kika gyara, abin ya yi kyau, amma ya tashi daga nasa ya koma naki, kuma za ki ga ya ajiye shi ya tafi.

Me zan fara tarawa?

Samu tsohon buhu ko kwali babba ki ajiye a lungun ɗaki. Duk kwalin shayi, na sabulu, na ashana, robar ruwa, murafai, gwangwanin madara na gari mai murfin roba, safar da ta rasa 'yar'uwarta, tsohon silifas, bututun biro da tawadarsa ta ƙare, su shiga ciki bayan an wanke. Ƙyallaye kuwa ba sai kin je Kantin Kwari ba. Telan unguwarku yana share guntaye kullum, musamman ana gobe Sallah, idan kika roƙa zai cika miki leda. Lokacin kaka, idan wani naku zai shigo daga ƙauye, ki ce ya ƙullo miki karan dawa da totuwar masara.

Gam ma a gida ake yin sa. A jiƙa ƙaro a ruwa ya kwana, irin wanda ake sa wa tawadar allo, 'yan koli na Kasuwar Kurmi suna da shi. Ko a dama cokali biyu na fulawa a ruwa a ɗora a wuta har ya yi kauri kamar koko. Wannan yana kama takarda da kwali sosai, sai dai ba ya kwana biyu bai yi tsami ba, don haka kaɗan ake yi.

Yaya ake yin motar da za ta yi tafiya da gaske?

Sirrin a gindin taya yake. Yawancin mutane suna soke tsinke a jikin kwalin kai tsaye, sai tayar ta cije. Ki ɗauki bututun biro biyu ki manna su a kwance a ƙarƙashin kwalin, ɗaya gaba ɗaya baya, da salatif ko ki ɗaure da zare. Sai ki zura tsinken tsire a cikin kowane bututu, bayan kin datse tsininsa. Tsinken zai riƙa juyawa a cikin bututun ba abin da ya riƙe shi. Tayoyin kuma murafan roba ne guda huɗu, a huda tsakiyarsu da ƙusa mai zafi, ramin ya ɗan matse don ya kama tsinken. Ni na fi son tayar silifas: a ɗora bakin kofi a zana da'ira, a yanke da wuƙa. Ba ta ƙara a siminti, ba ta zamewa, kuma ta fi ƙarfin bakin yaro.

Yaran Kano dai adaidaita sahu suke nema kafin komai. Taya biyu a baya, ɗaya a gaba, a yanke ƙofa a gefe da gefe, a shafe ta da ruwan ɗorawa. Akwai wani yaro a ajina da ya cika tasa da totuwar masara, yana ja yana kira, "Bata! Bata! Saura mutum ɗaya!" Har canji yake bayarwa da ganyen darbejiya.

Motar langa-langa da yayyenmu suka riƙa ƙerawa da gwangwani ta manyan yara ce. Bakin gwangwanin da aka yanka reza ne, kada ya zo hannun ɗan shekara huɗu.

A cikin birni ina zan samu kara in yi dokin kara?

Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen hunturu kara ba ya wuya, ko a gefen gari wajen Kumbotso da Ungogo, ko wurin masu kiwo da suke tara shi. A zaɓi mai kauri wanda ya kai tsayin yaron, a kankare gaɓoɓin, a lanƙwasa kan kamar taƙi ɗaya, a ɗaure da ƙyalle ya zama linzami. Ki kula da ɓawon kara, yana yanka hannu fiye da yadda ake zato, don haka duk inda ya tsage a naɗe da tsumma.

Idan babu kara, sandar tsohuwar mofa ta isa. Yaron ya cusa tsumma a safar babansa har ta cika, a zura sandar, a ɗaure wuyan tamau. Kunnuwa na kwali, geza ta zaren ƙyalle. Ido kuwa a zana shi, kada a ɗinka maɓalli, don ana cisge shi a kai baki.

Daɗin wannan wasa sai bayan Sallah, lokacin da yara suka ga Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa da idonsu. Nan za ki ga an yi wa doki jalala da guntun atamfa, an ari gyalen Umma an naɗa rawani, an naɗe kwali an yi kakaki. Sai a zaunar da kaka a kujera 'yar tsugune a ce ita ce Sarki, a taso daga bakin soro a guje a kawo jahi, hannu a dunƙule sama, ana "Ran Sarki ya daɗe!" Gudun da suke yi a wannan wasa ya fi duk wani motsa jiki da za ki tsara musu.

'Yar tsana fa? An ce mini babu kyau a ajiye ta a gida.

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, amma ga abin da ya tabbata. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai. Haka kuma sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar Ashura, idan yaro ya yi kukan yunwa sai a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Da waɗannan ne mafi yawan malamai suka ware kayan wasan yara daga hanin da ya zo kan mutum-mutumi. Wasu sun fi son a bar fuskar ba a fitar da kamanninta ba, kuma 'yar tsanar tsumma tamu ta gargajiya dama haka take.

Yin ta ba wuya. A dunƙule tsumma kamar girman lemon tsami a tsakiyar ƙyalle, a ɗaure ya zama kai. A naɗe wani ƙyallen siriri a gitta a ƙarƙashin wuya ya zama hannuwa. Sauran aikin na yarinya ne: zani, ɗankwali, majanyi. Totuwar masara ma tana zama jaririya idan aka naɗe ta. Za ki sha mamakin abin da za ki ji tana gaya wa 'yarta. Maganganunki ne dai, da muryarki, har da yadda kike rarrashi.

Ɗana namiji yana son goya 'yar tsana da yin tuwon ƙasa. In hana shi?

A'a. Abin da yake gani a gida yake kwaikwayo, kuma watarana uba zai zama. Yarinyar da ta ce mota take so ita ma a yi mata.

Yumɓu ko kwaɓin fulawa, wanne ya fi?

Yumɓu na fi so, don kyauta ne ko kusa da haka, kuma ba a taɓa abincin gida ba. Sai dai kada a aiki yaro bakin kududdufi ya ɗebo. Kududdufan cikin gari kwata ce take zuba a cikinsu, ga haɗarin faɗawa. A nema wurin masu ginin tukwane. Da curi ɗaya yara za su yi tukunya, turmi da taɓarya, sa mai tozo, har da asusu. A shanya a inuwa. Idan aka sa a rana, ko a bakin iskar hunturu, bayan yakan bushe kafin ciki, sai abin ya tsattsage.

Kwaɓin fulawa kuwa: gwangwani biyu na fulawa, gwangwani ɗaya na gishiri, cokali biyu na man gyaɗa, sai ruwa kusan gwangwani ɗaya ana zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya daina kama hannu. Gishirin ne yake hana shi saurin lalacewa. A rufe a roba mai murfi, zai yi kwanaki. Amma gishirin ya yi yawa ga cikin yaro, don haka wanda har yanzu komai baki yake kaiwa, a jira ya ƙara wayo.

Ba ni da kuɗin fenti. Da me za su yi kala?

Leƙa madafarki. Zoɓo da aka jiƙa da ruwa kaɗan yana ba da ja. Kurkur yana ba da ruwan ɗorawa. Gawayi baƙi, alli fari, ganyen alayyafo da aka daka kore. Buroshi kuwa tsinke ne da aka naɗa wa auduga, ko yatsa kawai.

Ga wani abu da yarana ba sa gajiya da shi. Zuba ruwan zoɓo a ƙananan kofuna uku. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa lemon tsami, sai jan ya ƙara haske. Na uku a ɗiga ruwan kanwa, nan take ya juye ya yi duhu, tsakanin shuɗi da kore. Kurkur ma idan ya haɗu da kanwa ja yake komawa. Ranar da na fara nuna musu, wata yarinya ta ja da baya ta riƙe bakinta, sannan ta ce, "Malama, sake!" Sau biyar muka sake. Idan hali ya yi, a kai su marinar Ƙofar Mata su ga yadda ƙyalle yake fitowa daga rijiyar baba da kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonsu.

Mene ne bai kamata ya shiga buhun kayan wasa ba?

A nan zan daɗe, don nan ne ake kuka.

Na farko, ƙananan abubuwa. Ma'aunin da masu gwada kayan wasa suke amfani da shi wani bututu ne mai faɗin santimita 3 da ɗan ɗoriya. Duk abin da ya shige cikinsa ba na yaron da bai kai shekara uku ba ne. Murfin robar ruwa yana shigewa. Haka maɓalli, duwatsun ado, tsakuwa, ƙwallon dabino, gyaɗa da wake. Matsalar gidajenmu ita ce ɗan shekara biyar yana wasa, ƙaninsa mai rarrafe yana bin sa a baya yana tsince-tsince. Saboda haka wasan ƙananan abubuwa a yi shi a kan faifai ko tire, lokacin da jariri yake barci ko yake goye, a ƙirga kafin a fara, a ƙirga bayan an gama.

Na biyu, batir ɗan mitsitsi mai kama da maɓalli, irin na agogo da na motocin wasa masu walƙiya. Idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. Maganaɗisu ƙanana ma haka, idan aka haɗiye biyu suna kama juna ta jikin hanji su huda shi.

Na uku, mazubin da ya taɓa ɗaukar guba: robar fiya-fiya, ta maganin feshin gona, ta kalanzir, ta man juye. Wanki ba ya raba su da abin da suka sha. Haka tsohon batirin mota da gwangwanin fenti, saboda dalma. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Dalma ba ta da ɗanɗano mai firgitarwa, a hankali take cin ƙwaƙwalwar yaro.

Na huɗu, 'ya'yan itatuwa masu kyan gani. Idon zakara, mai ja da ɗigon baƙi, guba ne mai kisa idan aka tauna. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu su ma haka. Tumfafiya yara suna son fasa 'ya'yanta, amma ruwanta fari yana illa ga ido.

Sai leda da balan-balan da ya fashe, suna toshe numfashi. Igiyar jan mota ga ƙaramin yaro ta zama gajera, kada ta isa zagaye wuya. Bokiti ko baho da aka yi wasan jirgin takarda a ciki a zubar da ruwan da an gama, don ɗan ruwa kaɗan yana iya halaka mai rarrafe idan ya kifa. Da damina kuma a kife gwangwanaye, kada sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Abu na ƙarshe, kafin ki ba yaro tsohuwar kalanda ko jarida ya yaga, duba ko akwai aya ko sunan Allah a jiki.

Idan tsautsayi ya faru fa?

Ya taɓa faruwa da ni. 'Yata tana shekara uku, muna ƙirga wake, na tashi sauke tukunya, kafin in dawo ta tura ɗaya a hanci. Da kyar na hana wata baƙuwa da ke gidan zura tsinken ashana. Asibiti muka tafi, cikin 'yan mintoci aka cire. Kada a zaƙula, kada a zuba ruwa, wake kumbura yake yi.

Idan abu ya sarƙe yaro yana tari, a bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari, ya kasa kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar. In bai fito ba, ga wanda ya haura shekara ɗaya, a tsaya ta bayansa a dunƙule hannu a saman cibiya a danna ciki da sama sau biyar, a yi ta maimaitawa ana neman abin hawa. Kada a cusa yatsa ana lalube.

Batir ko maganaɗisu kuwa, ko yaron yana wasansa lafiya lau, a tafi nan take, ba a jiran safiya, ba a sa shi amai. Asibitin Murtala, asibitin yara na Hasiya Bayero, Asibitin Malam Aminu Kano, duk wanda ya fi kusa.

Babansa ya ce wannan duk shiririta ce, gara ya zauna ya koyi karatu.

Ki gayyace shi ya kalli wasan shago sau ɗaya. A jera kwalaye, a zuba yashi a kwano a ce gero ne, a yanka takarda a ce kuɗi. "Gwangwani nawa?" "Uku." "Nawa ne?" "Ɗari biyu." "A bar mini ɗari." "Albarka." A nan yaro ya yi ƙirga, ya yi awo, ya koyi sallama da ciniki da jiran layi. Yatsun da suka mulmula yumɓu suka zura igiya a rami su ne gobe za su riƙe fensir da alƙalamin allo ba tare da sun gaji ba. A ajina ina gane yaron da aka bari ya yi wasa da hannunsa tun daga yadda yake kama alli.

Kuma iyaye maza sun fi mu iya mota da dokin kara, don sun yi da ƙuruciya. Sau da yawa wanda ya ce shiririta ce, da an miƙa masa kwali da wuƙa sai ki ji ya ce, "Ba haka ake yi ba, kawo ki gani."

Yarona waya kawai yake so, ko kallon abin da na yi masa ba ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara biyu ya zauna kallon waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana, sannan su samu aƙalla awa uku suna motsa jiki. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙera abu a ɓoye a kawo masa gamamme. Kada ki kira shi ma. Shimfiɗa tabarma, zube kayan buhun, ki fara aikinki, taki wayar tana ɗaki. Sai ki ce, "Wa zai riƙe mini nan?" Kwana biyu ko uku na farko za a sha rigima, wannan babu makawa.

Ɗaki ɗaya muke haya. Ina zan kai tarkacen?

Kwali ɗaya a ƙarƙashin gado, abin da bai shiga ba a zubar ko a bai wa yaran maƙwabta. Raba kayan gida biyu, rabi a waje rabi a ɓoye, bayan mako biyu a musanya, sai su zama sababbi a idonsa. Kwashewa kuma aikinsa ne, kafin kiran magariba.

Akwai wanda yara da yawa za su yi tare?

Wayar gwangwani. A samu gwangwani biyu marasa kaifin baki, ko kofunan roba, a huda gindin kowanne, a zura zare mai ƙarfi kamar taku goma, a ƙulla guntun tsinke a ciki don kada ya zare. Ɗaya ya tsaya a soro, ɗaya a ƙofar ɗaki. Sharaɗin shi ne zaren ya miƙe tsaf, kada ya taɓa bango ko igiyar shanya, domin murya girgiza gindin gwangwanin take yi, girgizar ta bi zaren zuwa ɗaya gefen. Idan ya yi sako-sako ba a jin komai. Tun da zaren dogo ne, wannan na 'yan shekara huɗu zuwa sama ne, kina wurin, kuma da an gama ki naɗe shi ki ɗaga sama.

Ki ce su yi magana a hankali, don idan suka ɗaga murya ta iska za a ji. A gidanmu saƙon farko da ya bi ta zaren daga soro shi ne, "Salamu alaikum, wai Umma ta ce a kawo gishiri."